Yadda za ka ƙware a wasan lakuros ta hanyar buga shi da manya: jagora ga matasan Zangon Accra

Tun da aka tabbatar a watan Oktoban 2023 cewa lakuros, wasan da ake cafe ƙwallo da sanda mai ƙaramar raga a kanta a jefa ta cikin ragar abokan hamayya, zai shiga wasannin Olamfik na 2028 a birnin Los Angeles, samarinmu na Nima da Mamobi da Madina da Fadama da suka fara riƙe sanda suke ta maimaita mini tambaya ɗaya: "Na iya jifa, na iya cafewa, amma na tsaya wuri ɗaya. Yaya zan yi?" Amsata ba ta canzawa: ka nemi waɗanda suka riga ka a wasan, ka shiga cikinsu. Sai dai shigar tana da ƙa'ida. Wani yaron zai yi wata da watanni yana gudu a tsakiyar manya, ya tashi ba abin da ya samu sai kumburin hannu da tsoron ƙwallo. Wani kuma cikin makonni kaɗan za ka ga wasansa ya sake. Na biyun ya je ne da shiri, ya san abin da ya je ɗauka, ya kuma san inda zai kai shi idan ya ɗauko.

Idan na ce "manya", ba masu furfura nake nufi ba. Wasan sabo ne a Ghana, don haka babba shi ne duk wanda ya fi ka daɗewa da sanda a hannu kuma ya buga wasa na gaske da alƙali: ɗan jami'a, ko koci, ko ɗan'uwanmu da ya yi karatu a Amurka ko Kanada ko Ingila ya dawo. Abin da za ka samu a wurinsu shi ne saurin yanke shawara. Kai sai ƙwallo ta shigo ragar sandarka kake fara tunanin inda za ka kai ta; su tun tana iska sun gama.

1. Fara gwada kanka a bango

Kada ka je wurin manya don koyon cafe ƙwallo. Wannan aikinka ne kai kaɗai, kuma bango ne malaminsa. Nemi bangon siminti mai tsayi wanda ba taga a kusa, ka tsaya kamar taku goma daga gare shi, ka zana da'ira da alli daidai tsayin kanka, ka riƙa nufarta. Lokacin jifa hannun ƙasa yana gindin sanda, na sama yana tsakiyarta, ƙafar da ke kishiyar hannun jifa ita ce ke takawa gaba. Lokacin cafewa hannun sama ya matsa kusa da kan sanda, ka karɓi ƙwallon a gefen kunnenka, ka ɗan ja sandar baya da laushi don kada ta yi tsalle ta fice.

Ga ma'aunin da nake ba yara: idan ka iya jifa da cafewa sau 20 a jere da hannunka mai ƙarfi ba ta faɗi ba, da sau 10 a jere da ɗaya hannun, kana sanye da safar hannu, to ka isa ka je. In ba ka kai ba, ka ba bango minti 15 zuwa 20 kullum har ka kai. Da safar nake nufi, don sanda tana canza hali a hannu da zarar an sa safa, kuma da ita za ka yi wasa.

Hattara: ƙwallon lakuros roba ce cur, ba iska a cikinta, nauyinta kusan giram 145. Tana fasa gilashi, tana iya ji wa ƙaramin yaro mummunan rauni. Ka nemi izinin mai bangon, kada ka yi a bangon masallaci ko na ɗakin da mutane ke kwana, kuma ka duba bayanka. A unguwanninmu kwata ba ta da nisa da ko'ina, ƙwallon da ta faɗa babbar kwata kuwa ta tafi ke nan. Ka tsaya inda akwai katanga ko shinge a bayanka.

2. Haɗa kayan kariya kafin komai, ga kuma inda kuɗi ke tafiya

A nan ne yawancin yara ke yin ganganci. Da sa'anninka za ka iya lallaɓawa da sanda kawai, amma harbin babban ɗan wasa wani abu ne daban. Na ƙwararru yana wuce kilomita 140 a awa. Namiji yana buƙatar hular kwano mai waya a fuska, robar haƙori, safar hannu ta lakuros, makarin kafaɗa da ƙirji, makarin gwiwar hannu, da makarin gaba. Gola kuma sai ya ƙara da makarin maƙogwaro da sulken ƙirji na gola. Wasan mata ba a karo da jiki a cikinsa, sandarsu ma daban ce, aljihun ragarta ba shi da zurfi. Ke robar haƙori ce dole a kanki, kuma in kin samu makarin ido ki sa.

Ga yadda nake ba da shawarar a jera sayayya idan aljihu ba nauyi.

Robar haƙori ita ce ta farko, ita ce mafi araha, kuma ita kaɗai ce ba a aro ba a ba da aro. Irin wadda 'yan dambe ke sawa ta wadatar: a tsoma ta a ruwan zafi, a ɗan bari ta huce, a cije ta har ta ɗauki siffar haƙora. Takalmi kuwa ba sai ka sayi na musamman ba, na ƙwallon ƙafa ya isa, kuma na hannu mai kyau ba ya wuyar samu a kasuwar Kantamanto. Bayan su sai sanda, sai safar hannu. Hular kwano ita ce mai tsada: sabuwa a Amurka tana iya wuce dala 200, alhali cikakkiyar sandar mai koyo tana kamawa wajen dala 50. Shi ya sa a farko ka tambayi ƙungiyar da za ka shiga ko tana da hulunan aro.

Idan kana da ɗan'uwa a Bronx ta birnin New York ko wani gari a Amurka, ka roƙe shi ya nemo maka na hannu, kayan kamfanoni irin su STX ko Warrior ko Maverik ko Cascade. Ka gaya masa ya kwance kan sandar daga jikinta, ƙusa ɗaya ce ke riƙe da su. Jikin gajeriyar sanda inci 30 ne, yana shiga babban akwati a karkace. Na doguwar sandar 'yan baya inci 60 ne, ba ya shiga. Ka nemi gajeriya. A haɗe tsawonta inci 40 zuwa 42, ita ce sandar da kowa ya kamata ya fara da ita, kuma a salon 'yan shida-shida, wato mutum shida a kowace ƙungiya, da za a buga a Olamfik ba a ma amfani da doguwa.

Hattara da kayan hannu: ka juya hular ka duba ciki da waje. In akwai tsagewa, ko wayar fuska ta lanƙwashe, ko igiyar haɓa ta tsinke, ko soson ciki ya rududduge, ka bar ta ko da kyauta ce. Hular babur ba ta maye gurbinta. A makarin ƙirji kuma ka nemi tambarin NOCSAE, hukumar da ke tsara ƙa'idojin ingancin kayan kariyar wasanni a Amurka, don akwai haɗarin da ba kasafai yake faruwa ba amma yana kisa: ƙwallo ta bugi ƙirji daidai saitin zuciya ta tsayar da ita. Saboda wannan ne aka wajabta wa 'yan wasa maza a Amurka makari mai wannan tambarin.

Kuɗin da ba a lissafa shi, kuma shi ne ke korar yara, shi ne na kowane mako: kuɗin torotoro, wato motar haya, zuwa da dawowa, ruwan leda, gudummawar hayar fili in filin roba ne, wato mai ciyawar roba, da ƙwallon da za ta ɓata. Ka lissafa na wata guda tun kafin ka ce wa kowa za ka riƙa zuwa. Gara ka ce sau ɗaya a mako ka cika, da ka ce sau uku a neme ka a rasa.

3. Nemo su, ka nemi izini yadda ya dace

Ghana mamba ce a hukumar wasan ta duniya, World Lacrosse, kuma akwai ƙungiyar ƙasa. Ka bi ta wurin kocin da ya fara koya maka, ko ka nemi shafukan ƙungiyar a intanet ka tambayi inda manya ke atisaye. Zuwan farko ka je ba da niyyar wasa ba. Ka tsaya a gefe ka kalla daga farko har ƙarshe, ka tsinto musu ƙwallayen da suka fita, ka gane wane ne ke jagorantar fili. Bayan an tashi ka same shi ka gaishe shi:

"Yaya, sannu da ƙoƙari. Ni ɗan Mamobi ne, na ɗan fara koyon wasan nan, ina da sanda da robar haƙori. In ba damuwa ina so in riƙa zuwa ina koyo a wurinku, ko da a atisayen jifa ne kawai."

Ka faɗi gaskiyar matsayinka. Wanda ya cika baki ya ce ya iya, za a gwada shi da ƙarfin da ya dace da bakinsa.

Hattara: in ba ka kai shekara 18 ba, sai da sanin iyayenka, kuma ya kamata wani babba daga gida ya zo ya ga wurin da mutanen da idonsa. Atisaye a fili ake yi a gaban jama'a. Ba a bin kowa gida ko ɗaki da sunan ƙarin horo. 'Yan mata ku je ku biyu ko uku, ku nemi manyan 'yan wasa mata.

4. A yi magana kan karo tun kafin a fara

Wannan matakin gajere ne amma kada ka tsallake shi don kunya. Ka ce wa mai jagora: "Yaya, ni dai ban saba da karo ba tukuna, a ɗan sassauta mini." A dokar wasan maza na 'yan goma-goma ana iya karo da mai riƙe da ƙwallo daga gaba ko daga gefe, tsakanin ƙugu da kafaɗa, hannaye biyu na kan sanda. Ba a karo ta baya, ba a taɓa kai ko wuya, ba a sarar mutum da sanda. Amma ko halastaccen karo, idan mai kilo 90 ya yi wa mai kilo 55, rauni ne. Yaron da bai gama girma ba ya shiga atisayen jifa da kwasar ƙwallo da wasan da aka yarda ba karo, ya bar cikakken wasa sai jiki ya yi ƙwari. Babban da ya san abin da yake yi ba zai ƙi wannan ba. Wanda ya yi maka dariya ya ce ai da duka ake koyo, ba wurinsa za ka koya ba.

Idan aka buge ka a kai ka ji jiri, ko ciwon kai, ko tashin zuciya, ko ka rasa gane inda kake na ɗan lokaci, ka fita, kuma ba ka komawa fili a ranar ko da ka ji ka warware. A kai ka asibiti. Idan wani ya faɗi sumamme bayan ƙwallo ta buge shi a ƙirji, a kira lambar gaggawa 112 nan take, a fara danna masa ƙirji ba tare da jira ba.

5. Ɗauki ƙaramin aiki ka riƙe shi da kyau

Babban kuskuren yaro a cikin manya shi ne son burgewa. Ya samu ƙwallo sau ɗaya, sai ya sunkuyar da kai ya nufi raga zai yanke mutum uku. Kafin ya taka sau huɗu an buge gindin sandarsa, ƙwallo ta yi sama, an kwashe an ci su. Daga nan ba wanda zai ƙara ba shi. Manya ba sa tsammanin ka ci ƙwallo. Abu uku suke dubawa, kuma da su za ka sayi amincewarsu.

Na farko, kwasar ƙwallon ƙasa. Wannan ba ya buƙatar shekaru, zuciya yake buƙata da tsari. Hannun sama ya matso wuyan sanda, ka durƙusa sosai, ƙafarka ta sauka a gefen ƙwallo, hannun baya ya yi ƙasa har ya kusa taɓa ƙasa, ka zura kan sanda ƙarƙashinta kamar mai ɗibar yashi da shebur, ka wuce da gudu ba tare da tsayawa ba. Da ta shiga ka ɗago sandar zuwa gefen fuskarka, ka fita zuwa inda ba mutane, ka ɗaga kai ka miƙa. Ka lura da hannun bayan babban ɗan wasa lokacin da yake kwasa: safarsa tana sharar ƙura. Na mai koyo kuwa yana sama wajen ƙugu, shi ya sa kan sandarsa ke caka ƙasa, ƙwallon ta gangara gaba. Kada ka kwasa da hannu ɗaya, kada kuma ka kife raga a kan ƙwallo ka jawo ta baya. A cikin manya wannan daƙiƙar da ka tsaya ta isa a ture ka. A filin sakora, wato na ƙasa mara ciyawa, ƙwallo tana tsalle ba tsari saboda tsakuwa, a filin roba kuma tana gudu fiye da yadda ka zata. Ka isa da wuri ka gangara ta sau da yawa ka ga halin filin.

Na biyu, saurin miƙawa. Ka sa wa kanka doka a makonnin farko: ƙwallo ba ta wuce daƙiƙa uku a sandata. Don ka iya haka dole ka duba fili tun kafin ta zo, ka san mutum biyu da za ka iya ba. Da ka miƙa ka motsa. Tsayawa a inda ka yi jifa yana toshe wa mai ƙwallo hanya, yana kuma ba mai tsaronka hutu. Idan ka ga babba ya nufo ɓangarenka da ƙwallo, ka bar masa wurin, ka ratsa ta gaban raga zuwa ɗaya gefen ka ja mai tsaronka ya bi ka. Ba ka taɓa ƙwallo ba, amma kai ka buɗe ƙofar, kuma sun gani. Idan kana neman a ba ka, kada ka rataye sanda a ƙugu; ka ɗaga kanta zuwa gefen kunnenka ta ɓangaren da ke nesa da mai tsaro, don nan ne mai jifa zai nufa.

Na uku, sanin dokokin da ke jawo wa ƙungiya asara. Ɗan gaba ba ya taka da'irar da ke kewaye da raga. A wasan 'yan goma-goma dole mutum uku su rage a ɓangaren hari, huɗu har da gola a ɓangaren tsaro, don haka kada ka tsallaka layin tsakiya sai ka ƙirga. A wannan salon kuma, idan aka yi harbi ƙwallo ta fita, wanda ya fi kusa da ita lokacin da ta fita shi ake ba, shi ya sa za ka ga wani ya tsaya bayan raga yana jiran ya bi ta da gudu. Wannan aiki ne da yaro mai ƙafa zai iya ɗauka tun ranar farko. A salon shida-shida abin ya bambanta: harbin da ya fita na abokan hamayya ne, filin mita 70 ne da 36, kashi huɗu ne na minti takwas-takwas, kuma daƙiƙa 30 kawai ƙungiya ke da ita ta yi harbi. Ka tambayi wane salo ake bugawa kafin a hura usur.

Hattara da gola: lokacin ɗumama jiki kada ka matso kusa ka narka masa harbi da dukkan ƙarfinka. Raga ƙafa shida ce tsawo da faɗi, shi kaɗai ne a cikinta, kuma cinyoyinsa da ƙwaurinsa a buɗe suke. Ka tambaye shi inda yake so a jefa masa. Golan da ka girmama zai zama malaminka mafi amfani.

6. A tsaro, kunne ya riga hannu

Idan ƙungiyarka ta rasa ƙwallo, ka saurari gola. Shi ke ganin fili duka, shi ke faɗin inda ƙwallo take, wa zai kai ɗauki, yaushe za a buge sanda, yaushe za a fita. Akwai kiraye-kiraye na ƙa'ida da ake yi, yawanci da Turanci: ƙwallo ta faɗi ƙasa, ni ke da mutum, ni ke da ƙwallo, na kwasa ku saki, ni ne mai kai ɗauki na farko. Ka sa wani ya jera maka kalmomin da su suke amfani da su, ka haddace, ka kuma riƙa faɗinsu da ƙarfi. Tarbiyyarmu ta hana yaro ɗaga murya a gaban manya, kuma tarbiyya ce mai kyau, amma a cikin fili shirunka cutarwa ne. Wanda ba ya magana a tsaro, abokansa ba su san ko yana nan ba.

Da ƙafa ake tsaro. Ka tsaya tsakanin mutuminka da raga, gwiwa a lanƙwashe, sandarka a miƙe tana damun hannunsa na ƙasa, ka tura shi gefe ka hana shi tsakiya. Babban ɗan wasa yana jiran ka ɗaga sanda ka kai sara ne. Da ka ɗaga ya wuce ta ƙarƙashinta, ko kuma alƙali ya fitar da kai minti ɗaya ka bar 'yan'uwanka da giɓi. Idan ba mutuminka ke da ƙwallo ba, ka riƙa juya kai tsakaninsa da ita, kada ka ƙura wa ɗaya ido. Za a yanke ka, sau da yawa ma. Abin da ake so shi ne ka gane ta wane gefe aka wuce ka da kuma abin da ƙafarka ta yi a lokacin.

7. Tambaya ɗaya, a lokacin da ya dace

Ba a tsayar da babba ana tsakiyar wasa. Lokacin shan ruwa ko bayan an tashi ana kwance kaya, nan ne wurin tambaya. Kuma "Yaya, me zan gyara?" ba tambaya ba ce, amsarta "ka ci gaba da ƙoƙari" ce, ba za ta amfane ka da komai ba. Ka kawo abu takamaimai:

"Yaya, ɗazu da ka wuce ni ta hagu, me ka gani a tsayuwata?"

"Ƙanena, ƙafarka ta dama ce ta yi gaba da yawa, nauyinka duk yana kanta. Ina ganin haka na san ba za ka iya juyowa ba."

Irin wannan amsar ita ka biya kuɗin mota don ka samu. Ka rubuta ta a wayarka kafin ka hau torotoro. Ka zaɓi mutum ɗaya da ke buga matsayinka ka riƙa kallonsa musamman lokacin da ba shi da ƙwallo: ina yake tsayawa, yaushe yake fara gudu, ina idonsa yake. In ka samu aboki ya ɗauki bidiyon wasan da waya, da izinin waɗanda ke ciki, ka kalla a gida za ka ga abin da ba ka ji a jikinka ba.

Idan aka yi maka tsawa a fili, ka ɗauki gyaran ka bar zafin muryar. Amma tsawa daban, wulaƙanci daban. Kuma ba duk abin da babba ke yi ne abin koyi ba. Wani yana harbi daga ƙugu yana ci saboda shekarun da ya yi yana yi. Kai ka riƙe harbi daga saman kafaɗa, ka nufi ƙasa ko ka buga ta da ƙasa ta yi tsalle, har hannunka ya zauna. Wani kuma ya koyi wasa da tsohuwar doka ko ta wata ƙasa. Littafin dokokin World Lacrosse yana intanet kyauta; in magana biyu ta saɓa, ka duba, ka kuma kawo ta cikin ladabi.

8. Kai gyaran bango, ka koyi kula da sanda

Abin da aka gaya maka ranar Asabar, in ba ka maimaita shi a cikin mako ba, Asabar mai zuwa za a sake gaya maka shi, kuma babba ba ya son maimaita magana sau uku. Gyara ɗaya a mako ya isa. An ce hannun hagunka ba ya aiki? Makon nan kashi biyu cikin uku na jifan bango na hagu ne. An ce kana jinkirin sakin ƙwallo? Ka matso kusa da bango ka riƙa cafewa da mayarwa ba tare da lilo da sanda ba.

Ka roƙi wanda ya iya ɗaure raga ya koya maka, don a nan ba shagon da za ka kai. Ka zauna kusa da shi ka ga yadda yake zura igiyar gefe rami bayan rami, da yadda ɗan sassauta igiyar harbi, wadda ke gicciye a saman ragar, ke canza inda ƙwallo ke tafiya. Idan jifanka ya fara nutsewa ƙasa ba dalili, sau da yawa aljihun ne ya zurfafa, ba hannunka ba. Gwajinsa a sandar maza: ka sa ƙwallo a ciki ka ɗaga sandar a kwance daidai idonka, in ka hango saman ƙwallon a ƙarƙashin bakin robar kan sandar, aljihun ya yi zurfin da doka ta hana. Zafin Accra yana lanƙwasa kan sanda, don haka kada ka bar ta cikin mota ko kan kwano. In ruwan Yuni ya jiƙa ragar, ka cusa mata takardar jarida ka bar ta ta bushe a inuwa. Ƙwallon da ta tsufa ta yi santsi tana ƙyalli kuma tana zamewa daga raga, ka ware ta.

Game da lokaci: rana tana faɗuwa wajen ƙarfe shida duk shekara, don haka bayan asuba ko bayan la'asar ne lokacinka. Filin roba da tsakar rana yana ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi, ga hula ga makarai a jiki. Ka sha ruwa kafin ka ji ƙishi. Da azumi ka rage zuwa jifan bango mara nauyi dab da magariba, wasa mai gudu kuma sai bayan an sha ruwa in akwai fili mai fitila.

9. Kada ka bar sa'anninka

A cikin manya kana koyon gani da sauri, amma ƙwallo ba ta daɗewa a hannunka. Yanka da harbi da jagoranci a cikin sa'anninka za ka gwada su, inda kuskure ba ya da tsada. Ka raba makonka: rana ɗaya da manya, rana ɗaya ko biyu da tsaranka, sauran na bango. Abin da aka koya maka ka koya wa na ƙasa da kai a unguwa. Wajen bayyana wa yaro dalilin da zai sa hannun baya ya yi ƙasa ne za ka gane ko kai ma ka fahimta.

Bayan kamar wata biyu ka zauna ka auna. Manya sun fara miƙo maka ƙwallo ba tare da ka yi ihu ba? Kana cafewa da hagu a cikin gudu? Idan ka koma cikin tsaranka kana jin kamar wasan ya rage sauri? To ka nemi a ƙara maka aiki: ka ce wa mai jagora kana so a gwada ka a tsakiya, ko a bar ka ka tsare ɗan gabansu mafi iyawa na kashi ɗaya. In kuwa ka lura ka fara runtse ido idan ƙwallo ta nufo ka, ko kana ɓuya a bayan mai tsaro don kada a ba ka, ko kullum da sabon ciwo kake komawa gida, ka gaya wa mai jagora za ka koma atisayen jifa da kwasa kawai na makonni uku ko huɗu, ka ƙara lokacin bango, sannan ka sake gwada ma'aunin 20 da 10 kafin ka dawo cikin cikakken wasa.